Me Ka Gani?

A filin ƙwallo na bayan Pantami,
inda raga ba ta da zare, sai sanduna biyu,
na shekara shida ina tsaron gida
a hannun Koci Gidado mai ɗingishi,
wanda usur ɗinsa ya fi bakinsa surutu.

Ranar da aka zura mini huɗu,
biyu ta tsakanin ƙafafuna,
na sunkuya ina jiran ruwan zagi.
Ya zauna kan galan, yana ɓarar gyaɗa,
ya ce, "Me ka gani?"
Na ce rana ce ta shiga idona.
Ya ce, "To. Me ka gani?"
Na ce, na fito da wuri.
Ya miƙo mini gyaɗar. Huɗubar ke nan.

Yau gwiwa ta ƙi tsalle.
Ina da injin casar shinkafa a Dadin Kowa,
yara bakwai, da littafin bashi da ya sha maiƙo.
Na daɗe ina tsawa har ina danne ƙarar inji,
amma buhu na fita da tsakuwa,
yara na ɓoye kuskure kamar kuɗin sata.

Wata Laraba Babayo ya bari bel ya tsinke,
shinkafar Hajiya Dudu ta koma tsaki.
Na cika baki da maganar da za ta kora shi Deba a ƙafa,
sai gwiwar nan ta soke ni,
na zauna kan buhu ba don na so ba.
Daga nan ƙasa na ji bakina ya ce, "Me ka gani?"
Ya yi shiru har ƙaiƙayi ya kwanta.
"Tun Litinin bel ɗin ke kuka, Oga.
Tsoron faɗa maka na ji."
Ashe wannan ma ta tsakanin ƙafafuna ta bi.

Gidado ba ya gyara abu biyu a yini ɗaya:
"Ƙafar hagu yau. Hannu sai jibi."
Yanzu kafin a tada inji
mukan yi da'ira a bakin rumfa,
kowa ya faɗi abu guda da zai gyara.
Ni ma da nawa: in bar mutum ya kai aya.
Wani mako mu ci, wani mako a ci mu,
wutar Nepa ba ruwanta da atisaye.

Gida ne filin da ya fi wuya,
ba usur, ba layin gefe, ba hutun rabin lokaci.
Zulai ta kawo sakamako,
lissafi ashirin da uku cikin ɗari,
ta ajiye kan tabarma, ta ja baya taku uku,
tazarar da ni na koya mata.
Na haɗiye abin da na saba,
na ce, "Me kika gani?"
Ta ce, "Ba na gani, Baba.
Daga bencin baya allon hayaƙi ne."
Shekara biyu ina kiranta malalaciya,
ashe tabarau ne, kuɗin rabin buhu.

Hansatu kuwa dariya ta yi da na gwada mata.
"Ni ba 'yar wasanka ba ce, Malam.
Amma tunda ka tambaya, zauna."
Na zauna har kunu ya huce,
na ji abin da na shekara goma ina turewa da hannu biyu
kamar bugun kusurwa.

Bara da kaka na kai wa Gidado buhu guda.
Idonsa ya tafi yanzu, usur na rataye a ƙusa.
Ya cusa hannu, ya murza ƙwayar a tafinsa,
yana neman tsakuwa, bai samu ba.
Ya juyo da fuska inda numfashina yake,
ya ce, "Me ka gani?"
Na buɗe baki da sauri,
ya ɗaga yatsa:
"A hankali, mai tsaron gida.
Kada ka fito da wuri."