Bokitin Laure

A Jidda, a unguwar Gulail, a gidan da ba shi da lamba,
ɗakina yana ƙasa, na Laure yana kan rufi.
Tsakaninmu matakala goma sha tara
da dokar da ta ce kowa ya tsaya inda yake.

Da, tun asuba muke fita tare,
ni da tiren gyaɗa, ita da tsintsiyar ɗakin biki.
Yanzu ba biki, ba mai sayen gyaɗa.
Titi ya kwanta kamar tabarmar da aka tashi daga makoki,
sai kyanwoyi, sai motar 'yan sanda
tana gaya wa bango ya zauna a gida.
Ladan ma ya sauya magana:
ya kira mu, sannan ya ce kada mu zo.

Daren uku ga azumi na ji tarin.
Ba tarin turaren wuta ba ne,
mai tono ne, kamar ana haƙa rijiya a ƙirji.
Na buga mata waya, ta ce, "Tasalla, mura ce."
Shekara goma sha ɗaya ina jin ƙaryar Laure,
na san ƙafar da take ɗingishi da ita.

Ta ƙi asibiti.
Igamarta ta mutu tun shekarar da ruwa ya ci motoci.
Na ce an ce yanzu ba a tambayar takarda.
Ta ce, "An ce ɗin nan ne ya sa Kandala a jirgi
da silifa ƙafa ɗaya."

Sai na jefa mata igiyar shanya,
sau huɗu kafin ta cafe.
Kullum bokitin wanki yakan hau
da kunun gyaɗa, citta, lemun tsami,
da rabin tamis daga tanderun bakin layi.
Ta ce za ta yi azumi. Na ce Allah ba ya bin ki bashin yunwa.
In kwano ya sauko, nakan karanta shi kamar wasiƙa:
in ta sha rabi, in yi barci,
in ya dawo cike, in kwana ina kallon silin.
Ta ce komai a bakinta toka ne,
ko turarenta na Sallah ta shaƙa, ruwa.

Ɗanta Lawwali ya kira daga Damagaram,
damina ta matso, ba kuɗin iri.
Na ce tana barci.
Na kwance bakin zane, na aika da sunanta.

Ran nan igiya ba ta sauko ba.
Magariba ta yi, isha ta wuce.
Na ɗaure hanci da gefen mayafi
na taka goma sha taran nan ɗaya bayan ɗaya,
na zauna, bayana a jikin ƙofarta,
ina ƙirga numfashi ta ƙasan katako.
Addu'a ta ƙare mini, sai na ce,
"Ki mutu ki gani.
Ina bin ki riyal arba'in, kuɗin lalle."
Shiru.
Can sai wata 'yar murya: "Talatin ne."

Kwana tara bayan nan, ina kaɗa miyar kuka,
hankalina yana wani wuri, wuta ta yi yawa,
sai daga sama aka ƙwala:
"Wace marar imani ce ke ƙona daddawa?
Warin ya hana ni sakat!"

Na tsaya da ludayi a hannu.
Ban rage wutar ba.
Na bar ta ta ci gaba da ƙonewa,
hayaƙi yana hawa matakala,
Laure tana zagina,
ni kuwa ina share ido da bayan hannu.