Mai Gadin Dare

Shekara goma sha ɗaya ina tsaron ƙofar wani a Filato.
Na san kukan kowane ƙarfe na gidan,
na san takun ɓarawo, na san na mashayi.
Ko cokali bai taɓa ɓata a hannuna ba.
Amma can Talaje, a ɗakin da nake biyan haya,
'yata Barira na kwance da ƙofa a tafin hannunta,
ƙofar da ba ta da gambu balle sakata,
kowa na faɗowa babu sallama.

Tsahara ce ta fara tsegunta mini:
"Yarinyar nan dariya take ita kaɗai cikin sange,
haske na lasar fuskarta har asalatu."

Sai na nufi Katako, rumfar Asumana mai gyaran salula.
Jika biyu ya karɓa, ya ɗaura wayarta da tawa
da igiyar da ido ba ya gani.
Ya ce, "Tsoho, daga yau idonka na cikin aljihunta."
Na yi murna a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Ƙarfe biyu na dare, shayina ya huce, kuran ya ɗauke,
na buɗe.
Awa huɗu na 'yan mata masu rawa.
Wata mata tana koyar da dambun kopto.
Lissafin lakwal da ya fi ƙarfin kaina.
Sai wani mai hoton mota, babu fuska,
sau uku yana tambaya: "Wace unguwa kike?"
Na miƙe da sandata, ni da ke nesa da gida,
wa zan buga?
Na sa yatsa ina harhaɗa baƙaƙen amsarta:
"Babana mai gadi ne, ba ya barci."
Daga nan ta toshe shi.

Da na tsaya a nan, da na kwana da mutuncina.
Hannu ya zarce.
Na taɓa wata murya da ta aika wa ƙawarta,
ƙasa-ƙasa, tana jan hanci,
maganar da ba a yi ta don kunnen uba ba.
Rabi na ji, na kashe.
Ni da nake korar masu leƙen katanga,
ga ni tsaye kan tubali a bayan tagar 'yata.

Da hantsi na sauka daga faba-faba da burodi a hammata.
Tana shara. Na ce, "Barira, na leƙa."
Ba ta ɗago ba.
"Na sani, Baba. Tun ran Talata
wata 'yar alama ke fitowa a sama."
Tsintsiya ta ci gaba da aikinta.
"Da ka tambaye ni, da na nuna maka mai motar."
"Muryar fa?"
"Wannan tawa ce."

Mun yi ciniki kamar masu sayen akuya.
Na ce ƙarfe tara, ta ce sha ɗaya,
Tsahara ta yanke a goma:
wayar ta kwana cikin kwanon sha, a rufe da faifai,
ƙarƙashin gadon uwarta.
Baƙon da ya ƙwanƙwasa kuma, a kawo mini sunansa.

Igiyar Asumana tana nan, ban kwance ba.
Ban kuma ja ta ba, yau kwana tara.
Dare ya raba, jemagu na ta faɗa a kan mangwaro,
mai gidan na minshari a sama.
Wayar na aljihun ƙirjina, da ɗumi kamar ƙwai.
Na fiddo ta, na duba lokaci,
na mayar.