Ragowar Dubu Goma Sha Tara

Na je da takardu cikin leda,
ta albashi, ta haraji, hoto huɗu,
sanye da shaddar da nake ajewa don Juma'a.
Gidan yana Ɗanbare, ɗaki biyu da falo.
Kubura har ta auna tagoginsa da igiya,
ta yi ƙulli uku, ta cusa ta a jaka.

Malama Barira ta ce in karanto lambata.
Na karanto, ta danna, ta yi shiru,
irin shirun likita in ya ɗaga hoton ƙirji ga haske.
Sai ta juyo min fuskar na'ura:
"Malam Tasi'u, akwai jan layi a sunanka.
Ba lamunin gida sai an goge shi."

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Ba wanda ya gaya min an ƙera madubin leƙa ciki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Wani ƙaramin banki a Fagge, saman shagon taya.
Ni na sa hannu, Nafi'u ya hau adaidaita,
ƙanena, mai fara dariya kafin ya kai ƙarshen zance.
"Yaya, na gama biya,"
haka ya ce ranar da muke cin gurasa a Jakara,
da garin ƙuli a gemunsa.
Na yarda mana.
Wa ke neman rasit a hannun wanda suka sha nono ɗaya?
Damina biyu bayan nan muka kai shi Ɗandolo.

Ragowar dubu goma sha tara ce.
Ta kwanta a duhu tana shan ruwa,
ta yi 'ya'ya, ta yi jikoki,
yau dubu ɗari da arba'in ce da 'yan kai.

Na koma Fagge. Ba banki, cajar waya ake sayarwa.
Mai shayin ƙasan bene ya ce wani banki ya haɗiye su,
shi ma wani ya haɗiye shi.
Na bi daga cikin kifi zuwa cikin kifi
har titin Murtala, hawa na uku,
wurin wani saurayi mai kwat a wannan zafi.
Ya kakkaɓe fayil, ya ce, "Ga hannunka."
Hannuna ne,
na lokacin da nake ja wa suna wutsiya don yanga.
Daga ƙasa Nafi'u ya dangwala babban yatsa,
shuɗin zagaye, kamar ido yana kallona.

Ban yi faɗa ba.
Na ce a yafe ruwa a karɓi uwa.
Ya ce sai kwamiti.
Kwamiti ya zauna, ya tashi, ya tafi hutu.
Sawu bakwai na yi, har maigadi ya daina tambayata.
Aka tsaya a dubu sittin.

Daren nan Kubura ta kwance bakin zane,
ta zube kwasar adashinta a kan tabarma.
Kuɗin labule ne, na sani,
ita ma ta san na sani.
Muka ƙirga sau biyu ba mu dubi juna ba.

Sun ba ni takarda mai hatimi, layi uku kacal.
Malama Barira ta ce na'ura ba ta saurin mantuwa,
in ba ta wata biyu.
Dillali ya kira da la'asar:
wani daga Kwari ya zo da kuɗi a hannu,
har ya fara fenti.

Na biya ta Ɗandolo kafin magariba.
Na tsuguna inda nake zaton nan ne,
ciyawa ta shafe alamar da muka sa.
Na ce, "Nafi'u, an biya. Kwanta."
Ban tambaye shi me ya sa ba.

A gida na tarar da igiyar rataye a ƙusa,
ƙullinta uku ba a kwance ba.
Kubura na yankan kuɓewa, ba ta ɗago ba ta ce,
"Tagogi ai duk kusan ɗaya suke."