Aikina Iska

Ermete ya iso wurin tashi da takalmin ruwan zinariya,
gashi ya sha mai, tabarau ruwan hoda.
Ya ƙi sa hular kwano
sai da mai hoto na ƙarshe ya sauke hannu.
Ya sumbaci goshin wata tsohuwa,
ya rubuta sunansa a jikin laimarta,
ya ce wa 'yan jarida: "Ku je layi ku jira ni.
Furanni kuma, ja nake so."

Ni ne Lieven. Ni ba a tambayata komai.
Aikina iska.
Ina tare ta da ƙirji don kada ta taɓa shi.

Kilomita ɗari da tamanin a ƙasar Flanders,
ruwa na dukanmu a kaikaice,
duwatsun hanya na kaɗa mana haƙora,
ƙamshin soyayyen dankali na tsokanar cikinmu
daga ƙofar kowace mashaya.
Shi kuwa yana bayana, a inuwata,
yana ba wani ɗan Sifen labarin karensa
da ba ya cin abinci sai a farantin tangaran.

Saura biyar, hira ta mutu.
Muka jeru, taya na shinshinar taya.
Stijn ya ja, ya ƙone, ya kauce.
Corrado ya ja, ya ƙone, ya kauce.
Itace ne mu, murhu ɗaya ake tura mu,
tuwon kuma na mutum ɗaya.

A nan gwiwar hannu ce ke gaisawa da haƙarƙari.
Wanda ya taɓa birki
ya yi sallama da yau.

Jar tuta: kilomita guda.
Iska daga hagu take, don haka dama tamu ce.
Na manne da shingen ƙarfe,
na bar rata daidai faɗin kafaɗarsa,
ƙofar da zan rufe da zarar ya wuce.
Sau nawa na faɗa masa a mota:
ɗari biyu, Ermete, ɗari biyu,
sauri ya haifi nawa.

Amma jama'a na dukan allunan talla,
suna kiran sunansa kashi uku, Er-me-te,
kuma bai taɓa jin sunansa ya ƙi amsawa ba.
A ɗari uku ya fita.
Na ji sarƙarsa ta yi ƙara, keken na rawa ƙarƙashinsa
kamar zai rabe biyu.

Na rufe ƙofa, ashe ɓarawo na ciki.
Tijl Goossens, yaro mai fuskar magatakarda,
wanda tun safe bai ce uffan ba,
bai sha iska ko cokali ɗaya ba,
yana liƙe da tayar Ermete kamar kaska.

Saura ashirin, gwanina ya miƙe zaune,
ya gyara zif don sunan kamfani ya fito,
ya buɗe hannuwa kamar mai karɓar ruwan sama.
Yaron ya sunkuya, ya jefa kekensa gaba.

Hoto ya raba gardama: kaurin taya.

Na zo na arba'in da bakwai,
ina amai a gefen motar 'yan sanda.

Da safe jarida ta fito.
Rabin shafi Ermete ne, hannuwa a sama, haƙora a waje,
mutum mafi farin ciki da ya taɓa zuwa na biyu.
Sunan Tijl na can ƙasa, kusa da tallan katifa.
Nawa babu.

Abin da jarida ba ta gani ba:
ƙarfe ɗaya na dare ya ƙwanƙwasa ɗakina,
ba takalmi, gashi a hargitse,
da jan fure ɗaya, ban san inda ya tsinko shi ba.
Ya ajiye a cikin gorar ruwana.
Ya daɗe yana kallon labule.
Sannan, da ƙaramar murya wadda ba ya fita da ita waje:
"Lieven, gobe daga ina iska za ta zo?"