Ƙofar da Ta Bari

Laka ce daga gaɓar Folkestone.
Kwana uku tana jiƙe a asid, nan Sheffield.
Dutse ya narke. Abin da ya ƙi narkewa
shi ne rabona: ɗigo ɗaya kan gilashi.

Ƙarfe huɗu, gari har ya yi duhu.
Na sunkuya kan madubin ƙara girma.

Ga wata kamar ƙarangiya,
kowace ƙaya da baki irin na mazurari.
Wata sumul, ƙwarya ce da aka ɗinke,
da ɗamara a ƙugu.
Ta can kuwa riga biyu ta sa,
gyaɗa ce ta bushe cikin ɓawonta.

Misis Ollerenshaw, shekara talatin a bencin nan,
ta ce, "Kar ƙaya ta ruɗe ka, Tanimu.
Nemi ƙofa, inda mai ɗakin ta fasa ta fita.
A ka take ko a gefe? Kusurwa nawa?
Da ita ake gane dangi."

Na juya, na sake juyawa.
Sai ga ta, an yanka tsaf, kusurwa shida,
marfin ya ɓace tun teku na kwance
inda tumaki ke kiwo yau.

Ashe ba ita muke raɗa wa suna ba.
Barci ta yi a ƙasan ruwa, ta farka, ta yi gaba.
Kango muke aunawa.

Na rubuta dogon sunan Latin, na kashe fitila.
A Gumel akwai wani ɗaki, ƙyaurensa a jingine.
Ban san me suke kiransa yanzu ba.