Do ta Sama

Maƙwabta sun kai ƙarata wurin mai gida a Barnawa,
wai kullum da asuba ana yanka saniya a ɗakina.
Shi ya sa na rungumi akwatin tirombon
na shiga keke zuwa Kakuri,
bayan tsohuwar masaƙa, inda injuna suka yi shiru
tun kafin a yaye ni.
Nan ba mai barci sai jemagu.

Muryar ƙasa ba ta ba ni wuya.
Kogin Kaduna ce da damina,
buɗe mata kawai, ta wuce ƙarƙashin gada.
Ta tsakiya ma mun saba, muna gaisawa.
Amma akwai wata do can sama,
siririya kamar zare a kafar allura.
Wata huɗu ke nan ina sallama a ƙofarta,
abin da ke amsa mini, kunya ta hana in faɗa.

Saje Dogara yana zaune kan bokitin fenti da ya kifa.
Shekara talatin da ɗaya a badujalar 'yan sanda.
Haƙoran gaba biyu sun tafi,
sun tafi masa da busa.
Ya ce, "Kyauta, kina danna ƙarfe a leɓe
kamar kina bin sa bashi.
Ƙarfi na masu dakan sakwara ne.
Kin ga yaron can mai wankin mota a bakin titi?
Ɗan yatsa yake sa wa tiyo,
ruwan ya kai bayan tirela.
Ɗaga harshe. Matse iskar, ki ƙyale bakin."

Sai in hau.
Hannu bai motsa ba, ƙarfen zarya na wuri ɗaya,
leɓe kaɗai ke taka tsani:
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
a na biyar katakon ya karye.
In sauko. In buɗe maɓallin yawu,
siminti ya sha rabonsa.
In hau.

Da dare madubi ya nuna mini jan zobe a leɓen sama.
Na shafa man kaɗanya, na sha koko da gefen baki.
Mama ta ce, "Wannan aure da ƙarfe
har da shaidar cizo?"

Ranar wata Alhamis ruwa ya tsare mu.
Kwano na ta surutu, na gaji, ban zo da niyyar komai ba.
Lissafin kuɗin keke nake yi,
ko zai kai ni gida ko sai na taka daga Tasha.
Kafaɗata ta sauka ban sani ba.
Na ja numfashi har ƙasan cibiya,
na busa kamar mai hura shayin yaro.

Ga ta.
Ba ta yi ihu ba.
Ta tsaya cak a tsakiyar rumfar,
fara tas, kamar hasken da ke shigowa ta hudar ƙusa.
Na ƙirga huɗu. Jemage ɗaya ya saki katako.

Na juya. "Baba, ka ji?"
Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.
Can ya ce, "Ganguna sun cinye mini saman kunne
tun ina kofur.
Duk abin da ya wuce tsaka, a wurina shiru ne.
Wata huɗun nan jijiyar wuyanki nake saurare.
Yau ba ta tashi ba."

Ya kakkaɓe ɓawo daga cinya, ya miƙe,
ya ɗora tafin hannu a bakin tagullar
kamar mai taɓa goshin marar lafiya.
Ya ce, "Sake."

Na busa, ta fashe.
Na sake, ta fashe.
Ruwa ya ɗauke, masu keke sun fara fitowa,
leɓena ya kumbura, ya daina jin magana.
Bai cire hannun ba.