Ɓera Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Groningen,
ruwa na dukan tagar ɗakin gwaji.
Wietske na gaban kwamfuta,
huhun ɓera ya cika allo, faɗinsa kamar gari.

Lissafinta na farko ya ce
huhu raga ce mai zare iri ɗaya,
ja nan, ja can, duk miƙewar guda.
Ɓeran ya ƙaryata ta.

Ga wani lungu ya saki jiki
kamar tsohuwar robar wando,
iska ta shiga, ta ƙi fita.
Dab da shi naman ya ɗaure,
yana ɗaukar kayan maƙwabci
har zare ya tsinke,
rami ya haɗiye rami.

Sai ta ba kowane zare tasa lambar,
dubu arba'in, ba biyun da suka dace.
Taswira ta fito dabbare-dabbare,
ja, shuɗi, ja.

Ta tuna babanta, Tjerk,
da yake tsayawa a matakala ta bakwai
wai agogo yake dubawa.

Da asuba ta hau kekenta.
A kan gada ta cika ƙirji,
ta saurare shi
yana komawa mazauninsa, ba wanda ya roƙe shi.